Me Ke Bradford da Zan Je Gani?

Sallama gare ku. Na ga abin da kuka rubuto a ƙarƙashin rubutuna na makon jiya. Wata ta ce tsoho mai furfura da zancen so abin kunya ne. Na gani. Ban tambaye ta ba.

Saboda sababbin zuwa, sunana Sajawal Khan. Ƙauyenmu yana bayan Dadyal, kan tudun da aka tsugunar da mu bayan ruwan madatsar Mangla ya cinye tsohon gari. Ina yaro lokacin. Makaranta ban yi nisa ba, malam ya mare ni a gaban yara na fita, fitar ke nan. Ina da gona, ina da ɓauna biyu, ina da 'ya ɗaya, Tazeem, tana aure a Bradford ta Ingila. Matata ta rasu, ciyawa ta daɗe da rufe kabarinta.

Duk sa'o'ina sun tafi Ingila. Ni ban je ba. Mahaifina ya ce wanda ruwa ya kora sau ɗaya, kada ya kori kansa karo na biyu. Na riƙe maganar. Su kuwa suka tafi, suka dawo da tari da fansho, suka gina benaye masu hawa uku waɗanda ba mai kwana a ciki sai tattabaru. Duk wanda ya kira ni Lala, wato yaya, ya ce mini, "Lala Sajawal, yaushe za ka leƙo mu?" amsa ɗaya yake samu: me ke can da zan je gani?

Sai ga Resham Bi.

Mijinta Karamat abokina ne tun muna kiwon awaki a tsohon gari. Ya rasu a Bradford, ta rako gawarsa gida, ta yi takabarta a nan. Ta fita takaba ba ta koma ba. Ta shuka albasa da barkono a bayan benensu, ta sayi kaji. Nakan aika mata madara da safe, kwanon ya dawo mini da gurasar masara da dafaffen ganye, man ɓauna yana narkewa a kai. Haka muka yi hunturu, muka yi damina. Da na ga abin ya zauna mini a rai, na tura ƙanwata ta tambaye ta. Ga amsar da aka kawo mini, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ni ba yarinya ba ce, amma ba marar dangi ba ce. Yayana da 'ya'yana suna Bradford. Mai so na ya je ya zauna gabansu ya faɗa da bakinsa. Ba a waya ba."

Ba a jima ba surukarta ta haihu, aka kira ta, ta rufe benen ta tafi. Kajin ta bar wa ƙanwata.

Na kira Tazeem na ce ta nema mini takardar yawon buɗe ido, ina so in ga garin nan da suke ta kururutawa. Ta yi kuka don murna. Aka kai ni Mirpur na dangwala yatsu a kan gilashi, aka ɗauke ni hoto. Biza ta fito, ta wata shida. Na sa fasfon a akwatin ƙarfe ƙarƙashin barguna, na ce zan yi shawara tukuna ko garin ya kai a je.

Tun ranar wayata ba ta huta ba.

"Abba-ji, duba wannan. Gidan hukumar gari ne, ga hasumiyar agogo."

Na duba. Agogo ne. Ina da agogo.

"Wannan kuma fili ne a tsakiyar gari, ruwa yana tsartuwa daga ƙasa, yara suna wasa a ciki."

Na ce mata na riga na ga ruwa a tsakiyar gari, har saman masallacinmu ya rufe, ba wanda ya yi wasa.

"Akwai tsaunuka a bayan gari, Abba-ji. Kore shar, ga tumaki."

Na fita ƙofa na ɗauki hoton tsaunin da ke gabana na tura mata. Yatsana ya rufe rabi, amma rabin da ya fito ya fi nata.

"Abinci fa? Turawa daga nesa suke zuwa cin namu a nan."

"In tashi daga inda ake dafa shi, in je inda ake kwaikwayonsa?"

Ta turo murya a gajiye: "Abba-ji, kai fa ka nema."

Gaskiyarta. Ku da kuke karantawa kun san abin da na nema. Ita na ɗauka ba ta sani ba.

Ranar kasuwa na sauka shagon Ghafoor mai aski ya gyara mini gashin baki. Wanda bai san ni ba, bari in faɗa masa: gashin bakina tun da ya tsiro reza ba ta taɓa shi ba, sai almakashi a gefe. Ina shafa masa mai, ina murɗa shi ya tashi sama. Har direbobin Dadyal da shi suke kwatance.

Na tarar da wani sa'ana mai suna Allah Ditta a kan benci yana shan shayi. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, yakan gudo gida duk hunturu. Ko ana zafi ba ya cire hular ulu, yana dogara sandar ƙarfe irin ta asibitin Turawa.

Na ce, "Ditta, kai da ka tsufa a can. Garin ya kai a je gani?"

"Wane gari?"

"Bradford."

"Ina na sani? Aikin dare na yi. Da dare na ga ulu, da rana na ga rufin ɗaki. Gadon ma karɓa-karɓa muke yi da mai aikin rana, in tashi ya kwanta. Katifar ba ta taɓa hucewa ba."

"Bayan ka bar aiki fa?"

"Masallaci, asibiti, mahauci."

"Tazeem ta ce akwai gidan tarihi."

"Akwai. Jikokina sun kai ni." Ya ɗaga hannun hagu, yatsa ɗaya guntu ne. "Irin injin da ya cinye mini wannan suka ajiye a ciki. An goge shi yana ƙyalli, an kewaye shi da igiya kada a taɓa. Na ce da ma tun lokacin kuka sa igiyar."

Ghafoor ya yi dariya har almakashinsa ya kusa shiga hancina.

Ditta ya kurɓi shayi. "Amma kai wa ya ce maka gari za ka gani? Falo za ka gani, Sajawal. Falo bayan falo, da kujerun da aka lulluɓe da leda."

"Saboda me?"

"Tun da mutanenmu suka fara binne nasu a can, gida nawa ka yi wa ta'aziyya?"

"Duk gawar da aka sauko da ita ƙauyen nan, kafaɗata ta ɗauke ta."

"Waɗanda ba a sauko da su ba nake tambaya."

Na san inda ya dosa. A wurinmu, baƙon da ya sauka gari alhali an yi rasuwa a dangi bai zo ba, ba ya zuwa biki, ba ya fita yawo, ba ya buɗe baki da zancen alheri, sai ya bi gida-gida ya zauna ya ɗaga hannu an yi fatiha. Ko rasuwar ta shekara goma. Kuma daga babba ake farawa.

Ditta ya ce, "Wa ya fi kowa girma a dangi can yanzu?"

Ghafoor ya dakata da almakashi.

Mehrban ne. Yayan Resham Bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Matarsa ta rasu bara waccan, aka binne ta a Bradford. Ban kira ba, ban aika ba.

Ga dalili. Da Mehrban ya zo gina benensa, wanda ke jikin gidana, ya tura katanga ta cinye hanyar da ɓaunata ke bi zuwa ruwa. Hanyar da mahaifina ya sare da gatarinsa. A kan hanyar ya kafa ƙofar ƙarfe mai zanen ɗawisu biyu. Dattawa suka zauna, suka bi bayan mai fam ɗin Ingila. A ƙofar masallaci bayan Juma'a, gaban kowa, na kama gashin bakina na ce: ranar da ƙafata ta tsallake ƙofar nan, a aske wannan. Tun daga nan ba sallama tsakaninmu. Ni ke da gaskiya lokacin, ni ke da ita yanzu. Dabbobina har gobe zagaye suke yi.

Na ce wa Ditta, "Zan kira shi a waya, a yi fatiha, a wuce wurin."

"Ta'aziyyar waya ta marar biza ce. Taka tana akwati, kowa ya sani. Tazeem ta sa hoton bizar a zauren dangi na waya tun ranar da ta fito. In ka kira shi yanzu, zagi ne. In ka zauna ba ka je ba, zagin ya fi girma."

Ghafoor, wanda ke kirana Chacha, wato baffa, ya ce, "Chacha, da yatsunka goma ka dangwala wa kanka tarko."

"Yi askinka."

Ditta ya matso, ya rage murya yadda duk shagon zai ji. "Kuma mai neman ƙanwar mutum ba ya tsallake gidansa."

"Wa ya yi zancen ƙanwa?"

"Kwanon madararka. Ya fi ka surutu."

Na biya Ghafoor na fita. Ban yi wa kowa sallama ba.

Da la'asar na jawo gadon igiya ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, na hura tukunyar taba. Ni da Resham Bi da murya muke aika saƙo, domin ita ba ta karatu, ni kuma rubutu yana cin lokacina. Na danna na yi magana, na goge. Na sake, na goge. A ƙarshe abin da na tura ke nan:

"Uwar Zafar, barka da yini. Tambaya ɗaya. Garin nan naku ya cancanci a zo gani?"

Na ajiye wayar a kife. Na ba dabbobi dusa. Na dawo, saƙo biyu.

Na farko, ana jin kukan jariri da talabijin a baya:

"Baban Tazeem, a'a. Bai cancanta ba. Ruwan sama ne ba a san farkonsa ba, ba a san ƙarshensa ba, ba ƙasa yake jiƙawa ba, ƙashi yake jiƙawa. Gidaje a manne kamar haƙora, duwatsun sun yi baƙi. Da hunturu kana sallame la'asar ana kiran magariba. Tumatirinsu ruwa ne zalla. Akwai lambu ɗaya mai tafki da agwagi, can nake tura keken jariri, shi ke nan abin da na sani. In don gari ne, zauna abinka."

Na biyu babu hayaniya. Ina jin ta shiga wani ɗaki ta rufe.

"Yaya Mehrban ya ce ba za ka zo ba. Ya ce ko ka zo, ka gwammace ka koma yadda ka zo da ka zauna a gabansa. A gaban Zafar ya faɗa, ka san Zafar, babban ɗa ne, dama ba ya son zancen. Sun ce in bizarka ta ƙare ba ka zo ba, in miƙa musu makullin benen ƙauye su sayar, in daina zancen komawa. Na ce to. Ni na faɗa, ba wanda ya tilasta ni. Ba zan zauna jiran mutumin da gashin bakinsa ya fi masa ni ba. In haka ta kasance, ko a akwatin gawa ba na jin za su dawo da ni. Zafar ya ce kusa da su za su ajiye ni. Ka gaida ƙanwarka. Ka ce ta daina ba kajin nan shinkafa, tana sa su ƙiba."

Na saurara. Garwashin tukunyar taba ya mutu ban lura ba.

Zan faɗa muku abin da na gani a raina, ba ƙari. Na ga bayan benen can da albasar da ta bushe. Na ga wani baƙo ya saya ya zuba siminti a wurin. Na ga kwanon madara a rataye. Shi ke nan.

Sai na zauna na auna maganar kamar yadda ake auna gona. Rantsuwata a kan ƙofar ƙauye take, mai ɗawisu. Ban taɓa cewa komai a kan ƙofarsa ta Bradford ba. Can ɗaki ne a rufe, labule a sake, ruwa yana zuba, ba Ghafoor, ba masu zaman ƙofar masallaci. In shiga, in ɗaga hannu, in sha shayinsa, in fito da gashin bakina a murɗe. Ba daɗi, amma ana iya haɗiyewa.

Na kira Tazeem.

"Yanki tikiti."

"Abba-ji, da gaske?"

"Kin taɓa jin na yi wasa? Daga filin jirgi kuma ba gidanki za mu fara ba, ba wurin ruwan nan mai tsartuwa ba. Gidan Mehrban."

Ta ce, a hankali, "Alhamdu lillahi. Ni dama na gaji da turo maka hoton agogo."

"Me kike nufi?"

"Abba-ji, har maƙwabciyata Baturiya ta san zancen kwanon madara."

Na kashe wayar.

Kuskurena ɗaya: ban ce mata ta yi shiru ba. Tazeem ta gaya wa mijinta, mijinta ya gaya wa uwarsa, uwarsa kuwa in ta ji magana da safe, kafin azahar ta shiga kowane falo a Bradford.

Mako bai cika ba, wata safiya ina tatsar ɓauna na ji ƙarar ƙarfe. Ƙara ce da na sani, ko da yake na daɗe ban ji ta ba. Na leƙa ta saman katanga. An wangale ƙofar ɗawisu, ɓangare biyu. Mota ta tsaya da akwatuna a ɗaure a samanta. Wani tsoho ya fito da doguwar rigar sanyi baƙa har gwiwa, da hular fata. Ya rame, ya rankwafa, amma tafiyar tana nan, ta mai ganin ƙasar duka tasa ce.

Wayata ta yi ƙara. Tazeem ce, muryarta kamar wadda ta fasa tulu.

"Abba-ji, Chacha Mehrban ya taho gida. Ya ce tunda ka yi niyyar yi masa ta'aziyya, ba zai wahalar da tsoho da hawa jirgi ba. Zai zauna a benensa ya jira ka."

Na gane. Mehrban bai yi karatu ba, kamar ni, amma ya iya lissafin mutum.

Kafin hantsi an share tsakar gidansa, an shimfiɗa darduma da fararen zannuwa kamar yau aka yi rasuwar. A cikin ƙofar, ba a waje ba. Ya zauna ya jingina da matashi yana fuskantar hanya. Mutanen ƙauye suka fara shiga gaishe shi, kuma ba wanda ya fita. Waɗanda ba su samu wuri ba suka tsaya jikin katanga. Mata suka hau rufin gidaje, wai shanya suke yi.

Ditta ya shigo gidana yana dogara sanda.

"Akwai ƙaramar ƙofa ta baya, wajen kicin. Ba ta cikin rantsuwarka."

"Ni ɓarawo ne ko mai kawo itace?"

"To bari sai jama'a sun watse."

"Ba za su watse ba. Kai ma ba za ka watse ba."

Liman ya biyo bayansa. Ya ce rantsuwa da gashin baki ba rantsuwa ba ce, ba ta da kaffara, in shiga kawai, Allah yana son masu sulhu. Na ce na gode, malam. Ba da Allah na yi alkawarin ba, da mutanen nan na yi, kuma duk suna da rai, suna da ido.

Ditta ya ce, "To ba za ka je ba ke nan."

Na shiga ɗaki.

Na ciro farar riga da wandonta, waɗanda aka sa wa sitaci tun sallah. Na ɗora baƙar falmaran. Na naɗa rawani, na tayar da tukkunsa. Na sa takalmin fata mai lanƙwasasshen baki, na yafa mayafin ulu da Karamat ya kawo mini tsaraba shekarun baya. Na tsaya gaban guntun madubin da ke jikin bango na shafa wa gashin bakina mai, na murɗa shi sosai. Ya tashi kamar ƙahon rago.

Na fito. Jama'a suka buɗa mini hanya zuwa ƙofar ɗawisu. Na wuce ta. Na gangara kasuwa. Ina jin takun mutane a bayana, ban waiwaya ba.

Na zauna a kujerar Ghafoor.

"Cire."

"Gefe-gefe, Chacha?"

"Duka."

Ya dubi Ditta, wanda ya iso yana haki. Ya dubi mutanen da suka cika bakin shagon. "Chacha, ni ba zan iya ba. Mahaifina ma bai taɓa sa masa reza ba. Gobe ka huce ka zo ka fasa mini shago."

"Na ce ranar da na tsallake ƙofar a aske shi. Yau zan tsallake. Ba na son a biyo ni da reza, da ƙafata na zo."

Ditta ya ce, "Sajawal, ba wanda zai tambaye ka."

"Ni zan tambayi kaina. Gashi yana sake tsirowa, magana ba ta tsirowa."

Ghafoor ya yi bismilla. Ya fara da almakashi, sannan kumfa, sannan reza. Ba a daɗe ba. Abin da na yi rayuwata ina reno ya zuba a kan tawul kamar gashin akuya. Na ji iska a inda ban taɓa jin ta ba. Ya miƙo madubi, na ture. Wani a bakin ƙofa ya fara dariya, ya mayar da ita tari.

Na hau tudu. Na tsaya a bakin ƙofar ɗawisu. Ƙarƙashin simintin nan hanyar mahaifina take, na san daidai inda ta bi. Na cire takalmi, na tsallaka da ƙafar dama.

Mehrban ya ɗago. Ya dubi rawanina, ya sauko da ido, ya tsaya a leɓena. Bakinsa ya buɗe kaɗan. Ina jin ya shirya maganganu tun daga cikin jirgi, ya neme su ya rasa.

Na zauna gabansa a kan farin zane. Na ɗaga hannu.

"Fatiha ga uwar gidanka."

Kowa ya ɗaga. Muka karanta, muka shafa.

Na ce, "Allah ya jiƙanta. Mace ce mai kirki. Ta taɓa aiko wa matata magani daga can."

"Amin. Allah ya ba da lada." Aka kawo shayi. Ya miƙo mini da hannunsa, na karɓa. Muka sha.

Can ya ce, "Ka tsufa, Sajawal."

"Kai ma ba a bar ka a baya ba."

"Turawan filin jirgi za su gane ka kuwa? Hoton fasfonka da gashin baki yake."

"Sai in ce musu na bar shi a ƙofar wani wanda ya ci hanyar mutane."

Ditta ya rufe fuska da hula. Mehrban ya dube ni, na dube shi. Sai gefen bakinsa ya motsa.

"Har yanzu kana nan."

"Ina zan je?"

Ya ajiye kofi. Ya ɗaga murya don na jikin katanga su ji.

"Wannan ta mamaciya ce, an yi, ta wuce. Ta mai rai ba a nan ake yin ta ba. Resham tana da 'ya'ya maza masu gemu. Ni na ji, ban ce a'a ba. Amma Zafar ba ni ba ne, ba a saye shi da aski. Mako mai zuwa zan koma, kujerar kusa da ni ba kowa. Mu tafi tare in nuna maka ƙofarsa. Sauran gidajen ta'aziyyar kuma suna nan suna jiranka, ba ɗaya da za ka tsallake."

"Zancen katanga fa?"

"Tafiyar da nisa. Ma yi shi a sama, inda ba mai ƙasa."

Na miƙe. Ina sa takalmi na juyo.

"Mehrban. Kai da ka fi kowa daɗewa a can. Garin ya kai a je gani?"

Ya yi tunani, tsakani da Allah.

"Bai kai ba."

"To."

Na dawo gida. Ɓaunar ta ɗago kai ta dube ni, ta ja da baya. Sai da na yi mata magana ta yarda ni ne.

Ban ko cire rawani ba waya ta yi ƙara. Ashe wani daga cikin masu tsayuwa jikin katanga ya ɗauke ni hoto, ya riga ya ƙetare teku. Saƙon murya ne, gajere.

"Baban Tazeem, an turo mini hotonka. Ka yi muni ƙwarai. Kamar dafaffen ƙwai da rawani." Sannan ta ci gaba. "Ka taho da rigar sanyi mai kauri, da safa. Zafar ya ga hoton shi ma. Bai yi dariya ba, ya ce yana da tambayoyi. Kada ka zo masa da faɗa, ka bar mini shi."

Na saurara, na sake saurara. Sannan na rufe leɓena da gefen mayafi na tafi wajen tela a ɗinka mini rigar sanyi.